Jami'a Da Cinikin Ilmi: Amana Ce Ko Haja?

 

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana raba kan masana a ƙasashen Turai da Amurka, ga shi kuwa yanzu ta iso ƙofar jami'o'in Afirka. Mas'alar ita ce: idan shaihun malami ya gano wani abu a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, da kuɗin jama'a, sa'an nan abin ya zama mai kawo riba, na wane ne? Na malamin ne, ko na jami'ar, ko na gwamnatin da ta biya, ko kuwa na duk wanda ya riga ɗauka? Kada mai karatu ya zaci zancen ya yi masa nisa. Batirin wayar da ke aljihunsa, asalinsa daga ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a ya fito. Hoton ƙashi da a ke ɗaukar wa wanda ya karye, shi ma haka. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa yana da labarin wanda ya sha wahala da wanda ya ci riba, ba kullum ne su biyun su ke zama mutum ɗaya ba.

Kafin a shiga labari ya kamata a san abin da a ke jayayya a kansa. Turawa suna da wata takarda da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago sabon abu, ita ce takardar mallakar ƙirƙira. Birnin Venice na ƙasar Italiya ya yi mata doka tun a 1474. A wannan zamani sharaɗinta uku ne galibi: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane gwani a fannin zai iya hangowa da sauƙi ba, ya kuma zama mai amfani ga sana'a. Wanda ya sami takardar, shi kaɗai ke da ikon ƙera abin ko sayar da shi har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. In ya so ya ba wani izini, a riƙa biyansa la'ada. Amma fa ba a mallakar ƙa'idodin halitta. Wanda ya gano yadda haske ke tafiya ba ya mallakar haske, iyakarsa ya mallaki na'urar da ya ƙera da wannan sani.

Wani malami zai iya cewa ai wannan ɓoye ilmi ne, ɓoye ilmi kuwa abin zargi ne a Musulunci. Wannan tsoro yana da tushe, amma in aka duba da kyau al'amarin ba haka ya ke ba. Ba a ba mutum takardar sai ya rubuta bayanin abin da ya ƙago dalla dalla, yadda wani gwani zai iya karantawa ya yi irinsa, hukuma kuma ta buga bayanin kowa ya gani. Idan shekarun suka cika, abin ya zama na kowa. A gwada wannan da abin da aka saba gani a ƙasar Hausa, inda maƙeri ko marini ko mai magani ya kan riƙe asirin sana'arsa, ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa, in ɗan bai tsaya ba asirin ya bi shi kabari. Wane ne ya ɓoye ilmi a cikin biyun? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa. Saboda haka ba halascin takardar ne abin jayayya ba. Abin jayayya shi ne yadda ya kamata jami'a ta yi da ita. Tarihi kuwa ya nuna hanyoyi huɗu da aka bi.

Hanya ta farko ita ce kyauta. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen, malamin fiziks a Jami'ar Würzburg ta Jamus, ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Bai nemi takardar mallaka ba, domin yana ganin abin na 'yan Adam ne duka. Kafin shekara ta zagayo likitoci a ƙasashe da dama sun fara ɗaukar hoton karaya da neman harsashi a jikin masu rauni. A 1901 aka ba shi lambar Nobel ta farko a fannin fiziks, kuɗin kuma ya bar wa jami'arsa. Ya rasu a 1923, bayan faɗuwar darajar kuɗin Jamus ta cinye abin da ya tara. Haka kuma Marie Curie da mijinta Pierre, waɗanda suka gano radiyam a birnin Paris a 1898, suka bayyana hanyar tace shi ba tare da sun nemi komi ba. Kamfanoni suka ɗauka suka yi ta ciniki, har radiyam ya yi tsadar da ita kanta ba ta iya saye. Sai a 1921 matan Amurka suka yi karo-karo na dala 100,000, aka sayi giram ɗaya, Shugaba Harding ya miƙa mata. Irin wannan kyauta ce cibiyar CERN da ke kusa da Geneva ta yi ranar 30 ga Afrilu 1993, sa'ad da ta saki fasahar yanar gizo ga duniya ba tare da la'ada ba, abin da ya sa ta bazu kamar wutar daji.

Waɗannan mutane sun cancanci yabo, ba mai musu. Amma akwai abin lura. Abin da aka ajiye a bakin hanya aka ce na kowa ne, mai jaki shi ke kwashe shi, mai tafiya da ƙafa iyakarsa abin da hannunsa ya ɗauka. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka ɓanɓaro wani fallen gawayi daga irin baƙin da ke cikin fensir, da salatif kawai, kaurinsa bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba, ga ƙarfi ga saurin ɗaukar lantarki. Sunansa girafin. Ba su yi masa takarda ba, suka sami lambar Nobel a 2010. Gwamnatin Ingila da Tarayyar Turai suka kashe fam miliyan 61 wajen gina masa cibiya a Manchester, aka buɗe ta a 2015. Amma dubban takardun mallaka da aka yi daga baya a kan hanyoyin sarrafa shi, mafi yawansu daga ƙasar Sin suka fito, sai Amurka da Koriya ta Kudu. Watau an yi shuka a Ingila, girbi kuwa ya fi yawa a inda masana'antu su ke.

Hanya ta biyu ita ce sakaci, ita kuwa ta kan yi kama da kyauta alhali ba ita ba ce. A 1980 John Goodenough, Ba'amurke da ke shugabancin wani sashen ilmin sinadarai a Jami'ar Oxford, shi da abokan aikinsa suka gano cewa haɗin litiyam da kobal da iskar oksijin yana iya zama ɓangare ɗaya na batir mai ba da wuta kimanin bolt 4, kusan ninki biyu na wanda Stanley Whittingham ya yi kafinsa a kamfanin Exxon. Jami'ar ba ta ga dalilin kashe kuɗin rajista ba. Sai malamin ya sa hannu ya bar haƙƙin ga cibiyar binciken makamashin nukiliya ta gwamnati da ke Harwell, ita ta biya aka yi takardar. A 1985 Akira Yoshino na ƙasar Japan ya cika ɗaya ɓangaren da wani nau'in gawayi, a 1991 kuma kamfanin Sony ya fito da batirin kasuwa. Yau irinsa ne a cikin waya da kwamfuta, danginsa kuma su ke tuƙa motoci masu lantarki. La'ada ta shiga Harwell, shi Goodenough bai sami ko anini ba, Oxford ma haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ba su lambar Nobel su uku a 2019, shi yana da shekara 97, ya rasu a 2023 yana da shekara 100. Kusan haka ya faru ga Paul Lauterbur a Jami'ar Stony Brook ta Amurka, wanda a 1973 ya bayyana hanyar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ba a yi wa dabararsa takarda ba, alhali Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham ya yi wa tasa. Mai kyauta ya san abin da ya bayar, ya kuma yi niyya. Mai sakaci bai san darajar abin da ke hannunsa ba, saboda haka ba shi da riba, ba shi da lada.

Hanya ta uku ita ce fatauci, ita ce kuma ta fi rinjaye a wannan zamani. Asalinta daga Amurka ne. Kafin 1980 abin da aka gano da kuɗin gwamnati, galibi gwamnati ke riƙe takardarsa. Ta tara kimanin 28,000, amma waɗanda aka bai wa wani kamfani izinin aiki da su ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Dalili kuwa a fili ya ke: ba wanda zai zuba dukiyarsa ya mai da gwaji ya zama kaya, in ya san gobe maƙwabcinsa zai kwaikwaya kyauta. Sai sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, suka kawo doka, aka sa mata hannu a watan Disamba na 1980, ta ba jami'o'i ikon riƙe takardun abin da malamansu suka gano. Ta kuma gindaya sharuɗɗa: a sanar da hukumar da ta biya kuɗin binciken, a ba mai ƙirƙirar rabonsa, a fifita ƙananan kamfanoni, gwamnati ta iya amfani da abin ba tare da biya ba, in kuwa aka danne shi ba a yi aiki da shi ba tana da ikon ba wani izini. Wasu ƙasashe suka bi sahu. Ingila ta sakar wa jami'o'inta mara a 1985, Japan ta yi irin dokar a 1999, Jamus a 2002 ta karɓe haƙƙin daga hannun malamai ta mai da shi ga jami'a, da sharaɗin malami ya sami kashi 30 cikin ɗari na abin da ya shigo. Afirka ta Kudu ta yi tata a 2008.

Adalci ne a faɗi alherin wannan hanya. Abubuwa da yawa da za su ruɓe a cikin kabad sun fito sun zama kaya, an kafa kamfanoni, matasa sun sami aiki. Jami'ar Stanford, wadda ta buɗe ofishin wannan harka tun 1970, ta ba kamfanin Yamaha izinin wata dabarar haɗa sauti da lantarki da John Chowning ya gano, ta sami miliyoyin daloli. Hannun jarin da ta karɓa daga Google a madadin izini kuwa ta sayar da shi a 2005 a kan dala miliyan 336. Jami'ar Nagoya ta Japan ta gina cibiya guda da la'adar shuɗiyar fitilar lantarki da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka yi aiki a kanta, wadda ita ce tushen fararen ƙwayaye marasa cin wuta da a ke gani yau har a rumfar mai shayi.

To, amma irin waɗannan labarai su ne ke ruɗin shugabannin jami'o'i, su riƙa yi wa rogo kallon kitse. Gaskiyar al'amari ita ce harkar ta fi kama da caca. Wani bincike da cibiyar Brookings ta fitar a 2013 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na jami'o'in Amurka da aka duba, abin da su ke samu na la'ada bai isa ya biya albashin ofishin da kuɗin lauyoyi ba. 'Yan kaɗan ne ke kwashe mafi yawan ribar. In haka ya ke a ƙasar da masana'antu suka cika, ina ga ƙasar da ba ta da su?

A fannin fiziks da sinadarai da ƙere-ƙere kuwa wahalar ta fi ta fannin magani, saboda dalili biyu. Na ɗaya, magani guda ya kan tsaya bisa takarda ɗaya ko 'yan kaɗan, wanda ya riƙe ta ya riƙe kasuwa. Waya guda kuwa dubban dabaru ne aka harhaɗa a cikinta, kowace da mai ita, dabarar jami'a ɗaya ba ta wuce bulo ɗaya a jikin ganuwa ba. Na biyu, tsakanin ganowa da sayarwa akwai nisa. Batirin Goodenough sai da ya yi shekara 11 kafin ya shiga kanti. Ruwan lu'ulu'un da ke cikin gilashin agogo da talabijin, Friedrich Reinitzer ya fara lura da shi a birnin Prague tun 1888, bai zama kayan ciniki ba sai bayan 1970, sa'ad da George Gray na Jami'ar Hull ya haɗa irin da ke aiki a zafin ɗaki ba ya lalacewa. Takardar shekara 20 sau da yawa ta kan mutu kafin ɗan ya yi tafiya. Jami'ar da ta ce ba za ta bincika komi ba sai abin da zai kawo kuɗi kusa, ta yanka kazar da za ta yi ƙwai.

Akwai kuma ɓarnar da ba a ƙirga ta da kuɗi. A ƙasashen Turai in malami ya bayyana abin da ya gano a mujalla ko a taro kafin a shigar da buƙatar takarda, haƙƙin ya faɗi, domin abin ya daina zama sabo. Amurka ta kan yi rangwamen shekara ɗaya. Sakamakon haka sai a ce wa malami ya yi shiru, ɗalibin da ya gama kundinsa a ce ya dakata, abokan aiki biyu su riƙa ɓoye wa juna littafi. Alhali kuwa ilmin kimiyya ba ya tabbata sai an baje shi a faifai, wasu sun gwada sun ga ko gaskiya ne. Sa'an nan ga shari'a. Jami'ar Carnegie Mellon ta kai kamfanin Marvell kotu a kan dabarar karanta bayanai daga faifan kwamfuta, aka sasanta a 2016 a kan dala miliyan 750. Wannan ta ci. Amma takobin kaifi biyu gare shi. John Madey, wanda ya ƙago wani nau'in hasken leza yana Stanford, ya riƙe takardun da sunansa, ya koma Jami'ar Duke da na'urorinsa. Da suka saɓa ya bar aiki, jami'ar ta ci gaba da amfani da na'urorin, ya kai ta ƙara. Duke ta kafa hujja da cewa ita bincike ta ke yi ba ciniki ba. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi wannan hujja, ta ce binciken jami'a shi ma yana cikin sha'anin da ta ke neman suna da ɗalibai da kuɗi da shi. Watau wanda ya kafa rumfa a kasuwa, ba ya hana sarkin kasuwa karɓar haraji da cewa shi malami ne.

Hanya ta huɗu ta girmi ta uku, ita ce kuma ta fi dacewa a yi koyi da ita. Frederick Cottrell malamin sinadarai ne a Jami'ar California da ke Berkeley. Ya ƙago na'urar da ke tsarkake hayaƙin masana'antu: a ɗora wa ƙurar da ke cikin hayaƙin lantarki mai ƙarfi, sai ta manne a jikin faranti maimakon ta fita ta ɓata gonaki da huhun mutane. Ya sami takardarsa a 1908. Bai yar da ita ba, bai kuma cusa ta a aljihu ba. A 1912 ya kafa wata ƙungiya mai suna Research Corporation, ya damƙa mata takardun, aka shar'anta cewa ribar da ta shigo za a mai da ita ga masu bincike. Da kuɗin nan aka taimaki Robert Goddard a gwajin roka, aka taimaki Ernest Lawrence a na'urarsa ta farfasa ƙwayar zarra, da Robert Van de Graaff a tasa. Ƙungiyar tana nan har yau tana tallafa wa malamai. Duk wanda ya karanta fiƙihu zai gane wannan tsari da gani, domin wakafi ne: a tsare asali, a ciyar da amfaninsa. Takardar ta kare abin daga mai ƙwace, ribar ta koma inda ta fito, malamin kuma ya koma ɗakin gwajinsa bai zama ɗan tireda ba.

Daga waɗannan labarai abin da ya bayyana shi ne, ilmin da aka samo da kuɗin talakawa amana ne a hannun jami'a. Mai riƙon amana ba ya wofintar da ita kamar yadda aka yi da batir a Oxford, ba ya kuma mai da ita dukiyar kansa. Saboda haka ya wajaba jami'a ta tsaya a kan ƙa'idodi biyar. Na ɗaya, a rubuta tun farko wane ne mai haƙƙi da yadda za a raba, kafin kuɗi su bayyana, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ko a Amurka sai da Kotun Ƙoli ta bayyana a 2011, a shari'ar Stanford da kamfanin Roche, cewa dokar 1980 ba ta ɗauke haƙƙi daga mai ƙirƙira kai tsaye ba, sai ya sa hannu ya miƙa. Na biyu, a ba mai ƙirƙira rabo mai tsoka, a kuma sa sunan ɗalibin da ya kwana yana gwaji, kada babba ya haɗiye na ƙarami. Na uku, kada a tsare bugun sakamako fiye da 'yan watannin da shigar da takarda ke buƙata. Na huɗu, duk izinin da za a ba kamfani a sa sharaɗin sai ya yi aiki da abin cikin lokaci sananne, in ya ƙi a karɓe, a kuma bar wa sauran jami'o'i damar yin bincike da shi kyauta. Na biyar, a auna ofishin da yawan abubuwan da suka isa hannun jama'a, ba da yawan takardun da aka rataya a bango ba.

Wannan nasiha ta shafi Nijeriya da Nijar kai tsaye. A Nijeriya akwai dokar takardun ƙirƙira tun 1970, akwai hukumar NOTAP da aka kafa a 1979, wadda tun 2006 ta ke buɗe ofisoshin wannan harka a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Amma ya kamata a sani cewa ofishin rajista na ƙasar cikar takardu ya ke dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne haƙiƙatan. Saboda haka samun takardar ba hujja ba ce cewa an ƙago abin da duniya ba ta sani ba, ba ta kuma kare mutum a wajen iyakar ƙasa. Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yaounde, inda buƙata ɗaya ke game ƙasashe 17. Masana ba su yi ƙaranci ba. Abdou Moumouni, wanda aka sa wa Jami'ar Yamai sunansa, masanin fiziks ne da ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar tun daga 1969, ofishin da ya riƙa ƙera tukwanen ɗumama ruwa da rana. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi, a Zariya akwai wata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gadar da ke tsakanin ɗakin gwaji da maƙera. Ga shi ana haƙar dutsen litiyam a jihar Nasarawa, mafi yawan kobal na duniya kuma daga ƙasar Kwango ya ke fitowa, amma a kan sayar da dutse a buhu, a sayo batir a kwali da tsada. Bambancin farashin nan duka kuɗin ilmi ne.

Ba a ce jami'o'in ƙasashen nan su tsaya jiran irin sa'ar Stanford ba, wannan mafarki ne. Abin da ke gabansu ya fi haka sauƙi, ya kuma fi amfani. Na'urar busar da tumatir da hasken rana, ko murhu mai rage cin itace, ko hanyar tace ruwan rijiya, in malami ya inganta ta, a duba. In sabuwa ce da gaske, a yi mata takarda kafin a kai ta taro. Sa'an nan a nemo masu walda da maƙeran gari, a ba su izini da la'ada mai sauƙi ko ma kyauta bisa sharaɗin kiyaye inganci, a tsananta wa babban kamfani na waje in ya zo nema. Abin da ya shigo a raba wa mai ƙirƙira nasa, saura ya koma sayen kayan gwaji, domin ɗakunan da a ke koyar da sinadarai a kan allo kawai ba za su haifi mai ƙirƙira ba.

Malaman da suka gabata sun yi saɓani a kan karɓar lada don koyarwa, daga baya mafi yawa suka halatta, domin malamin da yunwa ta kora gona ba zai zauna da almajirai ba. Amma ba wanda ya ce makaranta ta zama kanti. Iyakar nan ita ce ta kamata a tsare a yau. Jami'a ta riƙe takarda don ta kare haƙƙin jama'a, ta karɓi la'ada don ta ci gaba da bincike, ta kuma tuna cewa manomin da harajinsa ya gina ta shi ne mai dukiyar na asali, shi ne kuma zai fara tambayar abin da aka yi da ita.

Allah ya ba shugabannin jami'o'i ikon riƙon amana, ya sa wa ilmin malamai albarka, ya amfanar da talakawa da shi. Amin. Wassalam.